Yadda Na Kawo Aradu a Kwalba

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya ajiye wuta a cikin gajimare ba tare da ruwa ya kashe ta ba. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Ni ne Tunau ɗan Korau, mutumin Kurmin Sarewa, wanda ya ƙetare koguna da duwatsu yana neman amsar tambaya guda, ya dawo da tambayoyi cike da jaka. Ba zan ɓoye muku ba, har yau abin da ban gane ba a cikin labarin nan ya fi wanda na gane yawa.

Ubana manomi ne mai saurin fushi. Wata shekara rigima ta haɗa shi da maƙwabcinmu Baba Anda a kan iyakar gona. Anda ya ce ubana ya ciccire gambar da ke kan iyaka ya matsar da ita. A gaban mai unguwa ubana ya hasala, ya ce, "Kwarankwatsa ta ci ni idan na taɓa gambar nan!" Da damina ta kankama, wata rana yana dawowa daga gona hadari ya taso, ya fake a gindin giginya da fartanya a kafaɗa. Aradu ta faɗo. Gawarsa aka kawo mana.

A garinmu, wanda aradu ta kashe bayan rantsuwa ba a neman wani shaida a kansa. Aka yi masa sutura a gurguje, daga nan aka ƙaurace wa gidanmu. Inna, mahaifiyata, daddawa take yi, har daga ƙauyuka ake zuwa saye, sai ga daddawarta tana bushewa a faifai. Ba mai shigowa ɗibar wuta a murhunta, ba mai karɓar komai daga hannunta. Idan ta je rijiya mata su janye gugansu. Gwaggo Lantana ma, matar Anda, wadda shekara guda aka kawo su aure unguwar ita da Inna suka zama aminai, ta koma gaishe ta ta kan katanga, daga baya gaisuwar ta ɗauke. Ina kallon Inna tana ramewa, abin yana cin raina.

Wata rana na ce mata, "Inna, Baba ya matsar da gambar nan?"

Ta ce, "Bai matsar ba."

"To me ya sa aradu ta zaɓe shi?"

Ta ce, "Je ka tambaye ta mana."

Cikin ɓacin rai ta faɗa, amma ni ban iya rarrabe irin wannan maganar ba. Na ɗaura wa jakina mangala na kama hanya.

Na fara sauka a ƙasar Masu Ganguna, inda idan sama ta yi tsawa su ma sai su fito su kaɗa mata, wai don ta san garin da mutane. Babban dattijonsu ya ce mini aradu gatari ce, ya ba ni wani baƙin dutse a madadin babbar rigata. A gari na gaba suka yi mini dariya, suka ce dutsen wasa wuƙa ne, aradu kuwa rago ce mai ƙahon wuta. A na gaba da shi suka ce tsuntsuwa ce, kuma duk wanda ya ce rago ce to bai yi karatu ba. Na kai bakin wani kogi mai ruwan shuni ba riga, ba amsa, kaina yana juyawa. Matar da ke fito a kogin ta saurari kukana, ta ce, "Bawan Allah, ka haura Tudun Gishiri, ka nemi birnin Sailaban. Can kiwon ta ake yi a gida kamar kaji."

Tudun Gishiri fari ne fat, iyakar ganin ido. Ba a san ruwan sama ba a can, ko raɓa ba ta sauka, sai rijiyoyi masu zurfi. Ina tafiya taguwata ta fara ƙara, ƙas-ƙas, tana manne mini a jiki. Gashin hannuna ya miƙe. Jelar jakina ta buɗe kamar tsintsiya, na kai hannu in shafa masa, wani abu ya cije ni a yatsa, shi kuma ya kai mini harbi. Na dudduba ban ga ƙwaro ba. Na yi ta karanta duk addu'ar da na sani har muka isa ƙofar birni.

A ƙofar akwai wani dogon turken ƙarfe, na ga kowa yana taɓa shi kafin ya shiga. Na ɗauka tsafi ne, na kauce masa. Na yi wa mai gadin ƙofa sallama, na miƙa masa hannu yadda aka koya mini a gida. Kafin tafinmu ya haɗu sai ji na yi tas! Wata 'yar wuta shuɗiya ta yi tsalle daga yatsana zuwa nasa. Ya yi ihu, na yi wanda ya fi nasa. Ashe a Sailaban ba a gaisawa sai an taɓa turken nan an sauke abin da jiki ya kwaso a hanya, kuma wanda ya miƙa hannu bai taɓa ba daidai yake da wanda ya yi mari.

Aka ja ni gaban alƙali, a wani zaure da aka shimfiɗe da buzaye tun daga ƙofa har ƙurya. Alƙali ya ce mai gadi ya rama. Mai gadi ya fara jan ƙafa a kan buzayen yana zagayawa, yana nuna hancina da yatsa. Ni kuwa na tabbata irin mutuwar ubana ce ta biyo ni har nan. Na zura a guje, ƙofa a rufe, sai na shiga zagaya zauren ina zamewa a kan buzu, yana bina. Da na gaji ya cafke kunnena. Na runtse ido ina kalmar shahada. Babu abin da ya faru.

Alƙali ya shafa gemu ya ce, "Baƙon nan masani ne. Ya cika jikinsa daidai da na mai ramuwa. An taɓa shi, hukunci ya cika, a sake shi."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, me na yi?"

Wata tsohuwa da ke bakin ƙofa ta yi dariya har da riƙe ciki. Sunanta Marjanatu, ita da ɗan'uwanta Kaisaru tagwaye ne, kuma su ne manyan masu kiwon abin nan a birnin. Ta ce, "Wannan bai san komai ba, tsoro ne ya cece shi. Taho, ɗana, ka ci abinci."

Na zauna a gidansu har na daina lissafin kwanaki. Suna da sanduna na daskararren ƙaro, sai su goga ɗaya da buzu, su kai ta kusa da ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya yi tsalle ya manne mata. Su tsiyayo ruwa siriri daga buta, su matso da sandar, ruwan ya lanƙwaso wajenta. Su rataye totuwar kara guda biyu da zare, su taɓa su da sandar, sai ka ga sun guji juna. Na tambayi dalili. Marjanatu ta ce abin iri biyu ne, kowane yana gudun ɗan'uwansa yana son bare. Kaisaru ya ce ƙarya ne, iri ɗaya ne, a nan ya yi yawa a can ya yi kaɗan. Tun suna yara suke wannan gardamar. Idan ta yi magana in gyaɗa kai, idan ya yi magana in gyaɗa kai, har wuyana ya yi ciwo.

Sannan suka koya mini kwalba. A samu mai faɗin baki, a zuba ruwan gishiri ya wuce rabi. A soka doguwar ƙusa ta ratsa murfin itace har ta shiga ruwan. A naɗe bayan kwalbar da fallen dalma iya tsayin ruwan, a bar wuyanta tsirara. Ka riƙe wajen dalmar da hannu ɗaya, a goga sanda da buzu a shafa ta a kan ƙusa, a sake gogawa a sake shafawa, har damtse ya gaji. Da aka gama Kaisaru ya ce, "To, taɓa ƙusar da ɗaya hannun."

Na taɓa. Ji na yi an doke ni a gwiwar hannu biyu da ƙirji lokaci guda, sai ga ni zaune a ƙasa. Na leƙa kwalbar, ruwa ne kawai, ko motsi bai yi ba.

Na ce, "A ina take zaune? A cikin ruwan?"

Marjanatu ta ce, "A fuskar ruwa da ta dalma, suna leƙen juna ta cikin gilashi."

Kaisaru ya ce, "A cikin gilashin kansa."

Na ce, "Wuta ce, amma ruwa bai kashe ta ba?"

Ta ce, "Na ciki ɗakinta ne. Na waje hanyar gudunta ce."

Na ce na gane. Ban gane ba, kunya ce ta hana ni sake tambaya.

Da na wartsake na ba su labarin ubana, na yi tambayar da ta fito da ni daga gida: shin abin nan yana sanin maƙaryaci? Kaisaru ya sake cika kwalba, ya ɗaga murya ya ce, "Ni saurayi ne, haƙorana duk suna nan." Ya taɓa, ta doke shi. Aka sake cikawa, Marjanatu ta ce, "Kaisaru tsoho ne mai taurin kai." Ta taɓa, ta doke ta daidai da shi. Suka kira maƙwabta aka yi da'ira ana riƙe da hannun juna, na farko ya riƙe kwalba, na ƙarshe ya taɓa ƙusa, duka suka zabura tare, na kirki da na banza.

Na ce, "Ita ce aradu ta sama?"

Marjanatu ta ce, "'Yarta ce. Launi ɗaya, ƙara ɗaya, hali ɗaya. Abin da ya fi kusa da ita take faɗa wa, ta fi son dogo, ta fi son ƙarfe."

Kaisaru ya ce, "Haka muke zato. Ba wanda ya hau ya tambayo."

Na tuna tsawon giginyar nan da ƙarfen fartanya. Na kifa kai na yi kuka sosai, irin wanda ban samu yi ba ranar jana'iza.

Suka ba ni kwalba da sanda da buzu na kamo hanyar gida. Kullum da safe nakan cika ta don kada hannuna ya manta, domin ba ta daɗewa, tsiyayewa take yi a hankali alhali babu huda ko ɗaya. Wannan ma ban gane ba. A wani kwazazzabo 'yan fashi suka tare ni, ban daɗe da cika ta ba. Babbansu ya ga yadda na rungume ta, ya tabbata dukiya ce, ya fizge ta daga hannuna. Ya riƙe ta da hagu, ya kai haƙori kan ƙusar zai cire murfin. Ƙarar da ya yi sai da duwatsu suka amsa. Kwalbar ta faɗo a kan yashi, yaransa suka watse, shi ya bi bayansu yana riƙe da baki. Na ɗauki kayata ina yi mata sannu.

Na iso Kurmin Sarewa da rani. Inna ta ƙara ramewa, murya ma ta dushe mata saboda rashin abokin magana. Na ce mata, "Inna, gobe za a wanke sunan Baba." Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ce in ci tuwo tukuna.

Washegari da hantsi dattawa suka taru a ƙofar mai unguwa. Na yi bayani: wannan 'yar aradu ce, za ta doki kowa, mai gaskiya da maƙaryaci, su gani da jikinsu. Mai unguwa ya ce, "Madalla, Tunau. Amma ka san al'adarmu. Abin da ya fito daga ƙasar da ba mu sani ba, ba ya aiki a cikin taro sai an yi masa tofi." Na ce ai haka ne, domin ni ma haka na taso na gani. Aka karɓi kwalba da sanda da buzu, aka bi da su hannu-hannu. Kowane dattijo ya yi addu'arsa ya tofa. Masu tsoro suka ƙara. Wani ma ya ɗebo ruwan butarsa ya yayyafa, don a tabbata. Da kayan suka dawo hannuna sai sheƙi suke yi.

Na goga, na shafa, na goga, na shafa. Dattawa suka riƙe hannun juna, mai unguwa ya riƙe kwalba, Baba Anda ya ce shi zai taɓa ƙusa. Ya taɓa. Shiru. Na sake gogawa har gumi ya karyo mini. Ya sake taɓawa, har da murza kan ƙusar. Ko cizon sauro.

Anda ya ce, "To kun gani. Shi da kansa ya kawo shaida. Ba ta cin mai gaskiya."

Aka fara tashi ana dariya. Ni na zauna cikin rana ina goge kwalbar da hannun riga, ina gurzar sanda da buzu cikin haushi, ina zagin Sailaban da tagwayenta. Na daɗe a haka. Don in tabbatar ta mutu na kai yatsa kan ƙusa. Tas! Na ƙwalla ƙara. Waɗanda ba su yi nisa ba suka juyo.

Wani ya ce, "Innalillahi. Duk taron nan, ɗan gidan kaɗai ta ci."

Haka na koma gida na ƙara wa Inna wani nauyin a kan wanda na tarar. A hanya kaina ya ƙulle. Addu'a ce ta kore ta daga dattawa? To ni ba na addu'a ne? Ko tagwayen nan sihiri suka yi mini? Har na tambayi kaina abin da ban taɓa tambaya ba, ko dai Baba ya matsar da gambar. Wannan tunanin ya fi dukan kwalbar ciwo.

Inna ta karɓi kayan daga hannuna. Ta taɓa buzun ta ji danshi, ta shanya shi kusa da murhun da take dafa kalwa, ta jera sanda da kwalba a gefensa, yadda take yi wa duk abin da ya jiƙe. Bayan la'asar na ɗauki sandar da ɗuminta, na goga ba da wata niyya ba. Sai ƙas-ƙas-ƙas, gashin hannuna ya miƙe. Na cika kwalba, na kusanto da wuƙa, wuta ta yi tsalle da ƙarar da ta kori kaji. Sai a lokacin maganar Marjanatu ta faɗo mini, ruwan waje hanyar gudunta. Na fita da gudu ina kiran dattawa su zo su gani. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Wa zai shiga gidan Korau, kuma yau?

Na dawo na tarar da Gwaggo Lantana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, wasu matan unguwa suna leƙe ta bayanta.

Ta ce, "Kai Tunau, an ce malam ya taɓa abin nan bai ci shi ba?"

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

Ta ce, "Tun ina yarinya nake zaune da mutumin nan. Wallahi da abin nan maƙaryata yake ci, da yanzu ina takaba. Kawo in gani."

Suka shigo a ɗarare, suna tattare zane kada ya taɓa komai. Na cika kwalba har damtsena ya sage. Na ce sai an yi da'ira an riƙe hannun juna. Lantana ta ce ita dai ba za ta riƙe kwalbar ba, sauran ma suka ja baya. To ni zan riƙe, amma ba zan kama hannun matan mutane ba. Mace ɗaya ce a gidan da zan iya riƙe wa hannu.

Na kama hannun Inna na hagu. Ta goge na dama a zane, ta sake gogewa, ta miƙa shi. Ba wadda ta motsa. Ina jin tafasar kalwa a tukunya, ina roƙon Allah kada kwalbar ta tsiyaye kafin wata ta yi ƙarfin hali.

Lantana ta ja tsaki, ta ce, "Mutuwa dai ɗaya ce." Ta cafke hannun. Sauran suka jeru a bayanta. Ta ƙarshe ita ce Iya Kande, tsohuwar da duk unguwa ta shaida ba ta taɓa yin ƙarya ba, shi ya sa ma ba a son zama da ita. Ta yi bismilla ta ɗora yatsa a kan ƙusa.

Tas!

Gidan ya kaure da salati. Ɗankwalin wata ya faɗi, wata ta zauna cikin faifan daddawa. Wata ta ce ashe dukansu maƙaryata ne. Wata ta ce aljani ne a kwalba. Iya Kande tana tsotsar yatsa ta ce duk wanda ya ce Korau ƙarya ya yi saboda wannan, to ita ma ya zo ya faɗa mata a fuska. Wata kuma ta ce a sake, ba ta ji sosai ba. Suka juyo kaina da tambayoyi, iri nawa ce, a ina take zaune, me ya hana ta cin maza da safe. Na ba su amsar Marjanatu, na ba su ta Kaisaru, na ƙara ruɗa su na ruɗa kaina.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ya ku masu sauraro, sauran sani yana wurin Mai gajimare. Dattawa ba su janye maganarsu a ranar ba, wasunsu har suka mutu ba su janye ba. Amma a cikin hayaniyar nan na waiga, na ga da'ira ta watse, kowa ta saki hannun kowa, ban da Lantana. Tana tsaye tana gardama da Iya Kande, hannun Inna yana cikin nata, ta manta ko ta ƙi saki. Inna tana kallon hannun, hawaye yana bin fuskarta.

Ta ɗago ta ce, "Tunau, ajiye kwalbar nan ka ɗauko tabarma. Ba ka ga muna da baƙi ba?"